Wane ne Tim Van Patten, kuma me ya sa ba a jin sunan daraktocin fim mai dogon zango na Amurka?

Ƙanena na ga tambayarka tun shekaranjiya, aiki ne ya riƙe ni sai yau na samu zama. Kace kana sake kallon Game of Thrones daga farko sai ka lura da sunan Tim Van Patten a matsayin darakta a kashi na ɗaya da na biyu, daga nan sunan ya ɓace ɓat, kuma ka tuna ka taɓa ganinsa a The Sopranos, shine kake tambaya wai wane ne mutumin nan, kuma in dai ya iya aiki haka me yasa ba a jin sunansa kamar yadda ake jin su Spielberg. Na ji daɗin tambayar nan sosai wallahi, saboda yawancin masu kallo da zarar an fara jero sunaye suke danna gaba, kai kuwa ka tsaya ka karanta. Ni na daɗe a harkar nan ta fim mai dogon zango, na riƙe sikirif a bayan darakta kafin ni ma a fara bani kashi in ɗauka, kuma mutumin nan da ka ambata yana cikin waɗanda nafi koyon aiki daga kallon ayyukansu. Toh ka gyara zama, amsar tana da ɗan tsawo.

An haife shi ranar 10 ga Yuni 1959 a Brooklyn cikin birnin New York, ya tashi a wani gari da ake kira Massapequa. Gidansu gidan 'yan wasa ne. Wansa Dick Van Patten da yayarsa Joyce, waɗanda suke uba ɗaya dashi, duk sanannun 'yan wasa ne tun kafin a haife shi, Dick ɗin ya bashi kusan shekara 30, har ta kai ɗan Dick mai suna Vincent ya girmi baffan nasa Tim da haihuwa, irin abin nan da mu ma muka sani a manyan gidaje. Kaga kenan ƙofa a buɗe take gare shi, kuma ta ƙofar wasa ya shigo ba ta ƙofar darakta ba. Yana ɗan shekara 19, a 1978, ya samu shiga wani shiri na tashar CBS mai suna The White Shadow, labarin wani bature tsohon ɗan ƙwallon kwando da ya koma koci a makarantar sakandare ta unguwar talakawa a Los Angeles inda yawancin ɗaliban baƙar fata ne. Tim ya fito a ɗaya daga cikin 'yan ƙwallon, ana ce masa Salami. An yi shirin har 1981.

Nan wajen nake so ka riƙe, domin duk abinda ya biyo baya daga nan ya samo tushe. Wanda ya ƙirƙiri shirin sunansa Bruce Paltrow, mahaifin jarumar nan Gwyneth Paltrow, kuma mutum ne mai jan yara a jiki. Cikin samarin da suka yi wasan 'yan ƙwallo a shirin nan, uku sun zama manyan daraktoci daga baya: Thomas Carter, da Kevin Hooks wanda in ka kalli Prison Break to ka kalli aikinsa don yana cikin furodusoshi da daraktocin shirin, sai shi Tim. Mutum uku daga benci ɗaya, wannan ba dace bane, akwai wanda ya bar su suna tsayawa bayan kyamara suna kallo suna tambaya ba a kore su ba. Ni abin nan yana taɓa min zuciya duk sanda na tuna, saboda nasan yara nawa ne suke zuwa lokeshan da basira a kansu amma babu mai ce musu zo ka leƙa ka ga abinda nake gani.

Bayan shirin ya ƙare bai zama wani babban jarumi ba, gaskiya kenan. Ya fito a mugu a wani fim na 1982 mai suna Class of 1984, ya yi wani shirin faɗan ninja da Lee Van Cleef a 1984 wanda kashi 13 kawai aka yi aka tsayar, sai ƙananan finafinai nan da can. Shekara goma yana wannan lalube. Sai a 1992 Paltrow ɗin nan dai ya bashi damar farko ta bada umarni a wani shirinsa mai suna Home Fires. Shirin bai yi tsawon rai ba amma shi ya samu hanya.

Abinda ya yi bayan nan shine abinda masu rubuta tarihinsa suke tsallakewa da sauri, ni kuma a wajena nan ne makarantarsa. Ya tafi jihar Utah ya dinga ɗaukar wani shiri na iyali mai suna Touched by an Angel, kimanin kashi 30 ya ɗauka a tsakiyar shekarun 1990 zuwa 2000. Shiri ne mai sanyi, na wa'azi da ban tausayi, ba wanda masu sharhi suke yabo ba, amma jama'a na kallonsa sosai. Ka san me ake nufi da ɗaukar kashi 30 na irin wannan shirin? Kowane kashi kusan minti 45 ne in ka cire talla, ana baka kamar kwana bakwai zuwa takwas na shiri, kwana takwas na ɗauka, a rana ɗaya sai ka cinye shafi bakwai ko takwas na sikirif alhali mai babban fim na silima yana iya wuni a kan shafi biyu. Rana tana faɗuwa, ƙaramin yaron da ke cikin sin ɗin doka ta ƙayyade awannin da zai yi aiki, baƙon jarumin da aka kawo na wannan makon bai haddace layinsa ba, kuma dole a tashi da abinda za a haska. Wanda ya yi wannan sau 30 ya san inda zai ajiye kyamara tun kafin ya gama shiga ɗaki. A tsakanin nan kuma yana zuwa ya ɗauki shirye-shiryen 'yan sanda irin su Homicide: Life on the Street da New York Undercover, wato yau yana ɗaukar mala'iku gobe yana ɗaukar masu binciken kisa.

Yanzu bari in amsa maka rabin tambayarka na biyu kafin in ci gaba, don in ba ka gane wannan ba ba za ka gane girman mutumin ba. A babban fim na silima darakta shine mai gida. A fim mai dogon zango na Amurka kuwa mai gida shine marubucin da ya ƙirƙiri shirin yake kuma jan ragamarsa, su suna ce masa shorana, ni ina ce masa uban shiri. Shi ke da ɗakin marubuta, shi ke cewa wane zai mutu wane zai rayu, shi ke da magana ta ƙarshe a wajen tacewa. Darakta baƙo ne. Zango ɗaya mai kashi 13 ko 22 ba zai yiwu mutum ɗaya ya ɗauka ba, domin lokacin da ake ɗaukar kashi na huɗu wani yana can yana neman lokeshan na kashi na biyar, wani kuma yana ɗakin edita da na uku, dole a dinga karɓa-karɓa. Sai ka zo ka tarar da jaruman da suka shekara uku suna wasa a matsayin mutum ɗaya, sun fi ka sanin halinsa, mai ɗaukar hoto ya riga ya kafa irin hasken da shirin ke dashi, kafintoci sun gina ɗakunan tun ba ka zo ba. Kafin ka fara ɗauka za a zaunar da kai da uban shiri a bi sikirif shafi shafi yana faɗa maka abinda yake nufi da kowane sin, nan dariya ce a ƙarƙashin kukan, nan kar jarumar ta nuna ta sani. In ka gama ɗauka ƙungiyar daraktoci ta Amurka ta tanadar maka kwana huɗu ka haɗa naka yankan na shirin awa ɗaya, ka miƙa, daga nan su furodusoshi su sake taɓawa yadda suke so, kai kuma ka ɗau jakarka ka tafi wani shirin. Baƙo raɓa ne. Shi yasa in an ce The Sopranos sai a ce David Chase, in an ce The Wire sai a ce David Simon, ba a cewa Van Patten duk da ya ɗauki duka biyun.

Ni kaina sai da na sha wannan darasin da zafinsa. An taɓa kirana in ɗauki kashi biyu a wani shiri da ya riga ya yi nisa, na zo da zumuɗi, akwai wata uwa a labarin wadda tun farkon shirin ba ta ɗaga murya, ni kuma na ga sin ɗin zai fi armashi in ta fashe da faɗa, na matsa wa jarumar har ta yi, ta yi kyau kuwa a ranar. Da aka zo tacewa aka cire shi gaba ɗaya aka sake ɗauka ba tare dani ba, raina ya ɓaci ƙwarai na kwana biyu ban yi wa kowa magana ba. Sai da shirin ya kai kusan ƙarshe na ga inda marubucin ya ajiye fashewar matar nan, ya tara ta ne tun daga kashi na farko don ta fito sau ɗaya tak, ni kuma na so in kashe masa ita a tsakiyar hanya. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Tun daga ranar na fara kallon aikin mutane irin su Van Patten da wani ido daban, ina neman yadda mutum zai shiga gidan wani ya yi aiki mai kyau ƙwarai ba tare da ya rushe masa gini ba.

A 1999 tashar HBO ta fara The Sopranos, labarin Tony Soprano shugaban 'yan mafiya a New Jersey da iyalinsa da likitar ƙwaƙwalwar da yake zuwa gani. An yi kashi 86 zuwa 2007, Van Patten ya ɗauki 20 a ciki, babu daraktan da ya kai shi yawa. Ya fara tun zangon farko, shi aka tura Naples ta Italiya a zango na biyu ya ɗauko kashin da su Tony suka je ƙasar kakanninsu. In ba ka gama kallon shirin ba ka yi haƙuri zan fasa maka ƙwai, don babu yadda zan nuna maka aikinsa ban taɓa labarin ba. Kuma ka san shirye-shiryen HBO akwai wuraren da ba na kallo da iyali bane, wannan na faɗa maka tsakani da Allah.

Ɗauki kashin da ake kira Long Term Parking na 2004. Adriana, budurwar Christopher ɗan gidan Tony, ta daɗe jami'an FBI suna matsa mata tana basu bayani, ranar nan ta faɗa wa Christopher gaskiya. Ya shaƙe ta kamar zai kashe ta, sannan ya saki ya fashe da kuka, ta roƙe shi su gudu tare. Ya fita, a gidan mai ya tsaya yana kallon wani talaka da matarsa da 'ya'yansu a wata tsohuwar mota, babu wanda ya ce uffan a sin ɗin, kallon kawai, amma kai mai kallo ka gane ya hango rayuwar da zai yi in ya gudu kuma ba zai iya ba. Sai Tony ya kira Adriana a waya yace Christopher yana asibiti, Silvio, na hannun daman Tony, zai zo ya kai ta. Sai muka ganta ita kaɗai tana tuƙa motarta a babban titi da akwatinta a gefe, har ka sauke ajiyar zuciya kace ta tsira, sai hoto ya yanke ka ganta a kujerar gefen Silvio, ashe tunani ne take yi. Motar ta bar titi ta shiga daji. Silvio ya jawo ta waje tana rarrafe cikin ganyaye, ta fice daga hoton, kyamara ba ta bi ta ba, ta ɗaga sama wajen bishiyoyi, ka ji harbi. Shirin da ya saba nuna kisa ƙiri ƙiri, wannan karon ya ƙi nunawa, kuma shi yafi kowanne ciwo. Drea de Matteo da Michael Imperioli, da suka fito a Adriana da Christopher, duk sun ci kambun Emmy, babbar lambar yabon talabijin ta Amurka, a shekarar, Terence Winter ya ci na rubutu da wannan kashin, Van Patten an saka sunansa a takara bai ci ba. Ka lura da wani abu kuma, an ɗauki sin ɗin da Christopher ya je ya faɗa wa Tony, amma aka cire shi don kar mai kallo ya san abinda ke tafe, sai a zangon gaba aka nuna shi a matsayin tuna baya. Kaga yadda aikin yake, hannu da yawa ne a kai, kuma darakta nagari shine wanda ya ɗauko kayan da za su bada damar yin irin wannan zaɓin a ɗakin edita.

Abinda na gani a aikinsa, kuma wannan ra'ayina ne, shine tsohon ɗan wasa ne shi yasa ya yarda da fuskar jarumi. Baya gaggawar yankewa. In mutum biyu suna magana a kicin zai bar su su zagaya juna, wannan ya buɗe firij wancan ya juya baya, motsin jikinsu ya faɗi abinda bakinsu ya ƙi faɗa. Kalli kashin Whoever Did This na 2002 inda Tony ya kashe Ralph, ɗaya daga cikin mutanensa, a kan dokin da ya ƙone a barga, faɗan a kicin aka yi shi, da kaskon suya da maganin ƙwari na fesawa, manyan mutane biyu masu nauyi suna haki suna zamewa, babu kiɗa babu salon faɗan fim, mummunan abu ne kuma haka ya bar shi da muninsa. Joe Pantoliano da ya fito a Ralph ya ci Emmy a wannan zangon. Sau huɗu ana saka Van Patten a takarar Emmy ta bada umarni saboda The Sopranos bai ɗauka ba ko sau ɗaya, jaruman da ya tsaya a kansu suna ta hawa dandamali.

Akwai wani abin kuma da zai baka mamaki. Kashin da mutane da yawa suke cewa yafi kowanne a shirin, Pine Barrens na 2001, inda yaran Tony, Paulie da Christopher, suka ɓata cikin daji da ƙanƙara suna neman wani Barashe da suka zaci sun kashe, ba shi ya ɗauka ba, Steve Buscemi ne darakta. Amma labarin daga kan Van Patten ya fito, daga wani mafarki da ya yi, suka gina shi tare da Terence Winter, har suka samu lambar yabo ta ƙungiyar marubuta da kuma ta Edgar da ake ba labaran bincike da laifuka. Baƙon da ya daɗe har aka fara sauraron shawararsa a ɗakin marubuta kenan.

Daga nan ya zama kamar ɗan gida a HBO, duk inda aiki mai nauyi yake sai a kira shi. Shi ya rufe zangon farko na The Wire a 2002. Ya ɗauki Deadwood, ya je Italiya ya ɗauki Rome. Shi ya ɗauki kashi biyu na ƙarshe na Sex and the City a Paris a 2004, wanda shirin barkwanci da soyayya ne na mata huɗu, wato a shekara ɗaya ya yi kisan Adriana ya kuma yi wannan, kuma ƙungiyar daraktoci ta bashi lambarta ta fannin barkwanci shekara biyu a jere saboda shirin. A 2010 aka haska The Pacific na su Spielberg da Tom Hanks, kashi 10 a kan yaƙin duniya na biyu tsakanin Amurka da Japan, an ɗauka a Ostareliya, shi ya ɗauki uku a ciki har da na buɗewa da na yaƙin Okinawa, yana kuma cikin furodusoshi.

Sai mu zo kan Game of Thrones inda ka ga sunansa. A Amurka kafin tasha ta zuba kuɗi a zango guda takan sa a yi kashin gwaji tukuna. An yi na wannan shirin a ƙarshen 2009, wani darakta mai suna Tom McCarthy ya ɗauka, mutum ne mai basira don daga baya fim ɗinsa ya ci Oscar, amma gwajin bai yi ba. David Benioff da D. B. Weiss, iyayen shirin, lokacin sababbi ne a harkar talabijin, su da kansu sun sha faɗa cewa da suka nuna wa abokansu marubuta, har aka gama kallo wasu basu gane Jaime da Cersei 'yan uwan juna bane, alhali duk girgizar ƙarshen kashin a kan wannan ta dogara. HBO ba ta jefar da shirin ba, ta yarda a sake. Aka canja jarumar Daenerys aka kawo Emilia Clarke, aka canja ta Catelyn aka kawo Michelle Fairley, aka sake rubutu, aka bar Maroko aka koma Malta don ɓangaren ƙetaren teku, sannan aka kira Van Patten a 2010 ya sake ɗaukar kusan duka kashin, ɗan abin da ya rage na farkon kaɗan ne. An haska shi ranar 17 ga Afrilu 2011.

Ka koma ka kalli kashin nan da idon ma'aikaci. Matsalar da aka bashi ita ce mutane sun kai ashirin da dole mai kallo ya san su cikin awa ɗaya, gida uku, nahiya biyu, kuma yawancin masu kallo basu karanta littafin ba. Ya buɗe da mutum uku a kan dawakai suna bi ta ramin da ke ƙarƙashin katangar ƙanƙara, tsawon mintuna kusan babu magana, tsoro kawai, don ka san akwai wani abu a arewa kafin a shiga rigimar sarauta. Sannan dubi zuwan sarki Robert gidan Stark, an jera 'ya'yan gidan a layi sarki yana bi yana gaida su ɗaya bayan ɗaya, ita kuma ƙaramar Arya tana ta tambaya da nuna wane ne wane cikin baƙin, ta haka aka cusa maka sunaye da dangantaka ba ka ji kamar ana maka darasi ba. Rubutu ne ya kawo dabarar amma tsayuwar kowa, wa ke kallon wa, wa ya sunkuyar da kai, wannan aikin darakta ne. Kuma wanda ya ɗauki kashin farko shi ke kafa harsashi, irin haske, irin tafiyar kyamara, yadda jarumai za su riƙe halayensu, duk daraktocin da suka biyo baya har zango takwas a kan wannan suka ɗora. Shi yasa sunansa ya ɓace bayan kashi na biyu, an kira shi ne ya tada ginin, yana da nasa aikin da ke jiransa a New York.

Aikin nan shine Boardwalk Empire, wanda abokinsa Terence Winter ya ƙirƙira, Steve Buscemi ya fito a Nucky Thompson ɗan siyasar Atlantic City a zamanin da Amurka ta haramta giya daga 1920. An yi shi daga 2010 zuwa 2014, kashi 56, an gina titin katakon bakin teku na shirin a Brooklyn, garin haihuwarsa. A nan ya tashi daga baƙo ya zama ɗaya daga masu gida, babban furodusa ne kuma darakta na dindindin, shi ke tarbar sauran daraktoci yana nuna musu yadda gidan yake, kuma shi ya ɗauki kashin ƙarshe na kowane zango duka biyar ɗin. A Emmy ta 2011 an saka shi takara da kashin farko na Game of Thrones, wanda ya kada shi Martin Scorsese ne da kashin farko na Boardwalk Empire, wato shirin da shi Tim ɗin yake furodusa. Sai a 2012, yana da shekara 53, shekara 20 cif bayan fara bada umarni, ya ɗauki kambun da kashin To the Lost, inda Nucky ya harbe Jimmy yaron da ya rena kamar ɗansa, da daddare cikin ruwan sama a gindin ginin tunawa da sojojin yaƙin duniya na ɗaya, hoto na ƙarshe kuma ya mayar da Jimmy cikin ramin yaƙin da dama can ruhinsa bai taɓa barowa ba. Ranar da na ji ya ci wallahi na yi murna kamar na san shi.

In kana tunanin ko rashin yin babban fim na silima gazawa ce a wajensa, ni ban ɗauke shi haka ba. Lissafa awannin da ya ɗauka a The Sopranos kaɗai sun kai finafinai goma, kuma a shekarun nan manyan labarai na manya a Amurka talabijin suka koma. Bambancin kawai sunan wa ake bugawa a allon talla. Ita ma harkar ta canja a hannunsa, yanzu da ake yin gajerun shirye-shirye na kashi shida ko takwas akan ba darakta ɗaya ya ɗauke duka. Ya je Ingila ya ɗauki kashin Hang the DJ na Black Mirror a 2017, ya jagoranci zangon farko na Perry Mason a 2020, sannan a 2024 ya ɗauki duka kashi takwas na Franklin na Apple TV+ a Faransa, Michael Douglas ya fito a Benjamin Franklin lokacin da ya je neman taimakon Faransa a yaƙin neman 'yancin Amurka. 'Ya'yansa mata biyu, Grace da Anna, su ma sun shiga wasa.

Tunda nasan kana sha'awar shiga aikin, ga abinda nake sa yaran da ke koyo a wajena su yi. Ka samu Long Term Parking ka kashe sauti gaba ɗaya, ka kalli daga inda Christopher ya tsaya a gidan mai har zuwa bishiyoyin nan, da biro da takarda, duk sanda hoto ya yanke ka ja layi ka rubuta fuskar wa aka nuna da kuma abinda aka ƙi nunawa. Sannan ka yi haka da zuwan sarki Robert. In ka gama ka turo min abinda ka rubuta mu duba tare, ina nan har ƙarshen wata kafin mu fita lokeshan.